Yadda Na Tsare Dashen Tumatir Daga Daskararriyar Raɓar Watan Mayu a Arewacin Ingila

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwanmu mazauna Ingila da sauran ƙasashen sanyi waɗanda suke sha'awar noman tumatir a bayan gida ko a filin haya, saboda sanin da muka taso da shi game da tumatir yana iya ɓatar da mutum a nan. A ƙasar Kano tumatir amfanin hunturu ne. Manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure suna dashe bayan ɗaukewar damina, sanyin Disamba da Janairu ne yake sa shi ya yi 'ya'ya masu kyau, zafin Afrilu da ruwan damina kuwa su ne abokan gabarsa. Don haka Bahaushe yakan zo da yaƙinin cewa tumatir mai son sanyi ne. Maganar gaskiya ce, sai dai sanyin da yake so bai kai inda ruwa yake daskarewa ba, kuma dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya kashe abin da aka yi wata biyu ana reno. Abin da zan faɗa ya faru ne a watan Mayun 2020, a wani filin lambuna da ke gefen birnin Leeds.

Dole in fara da yadda na sami filin, domin inda fili yake yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya. A Ingila majalisun birane da na ƙananan hukumomi suna da filaye da aka yanka fuloti-fuloti ana ba mazauna yankin haya su noma abin miya. Cikakken fuloti yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema yanzu rabi ake ba sabon shiga a wurare da yawa. Na cike takardar nema ta intanet, aka sa sunana a jerin masu jira, na yi fiye da shekara ban ji komai ba, har na fara cire rai. A ƙarshen kaka ta 2019 sakatariyar kwamitin filin ta aiko mini da saƙo cewa wuri ya samu. Na je da katin shaida da takardar harajin gida domin tabbatar da adireshina, na sa hannu a takardar yarjejeniyar haya wadda ta ce dole a riƙa noma wurin kada a bar shi ya zama jeji, kuma ba a noma domin kasuwanci ba. Kuɗin hayar shekara har da na ruwa bai kai fam 50 ba, sannan na ajiye fam 10 aka ba ni mabuɗin ƙofar shiga. Filin gaba ɗaya a kan gangare yake, rabin fulotin da aka ba ni kuma yana can ƙasa, jingine da wani shinge mai kauri na itatuwa. Na yi murna da hakan ƙwarai, domin ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, shingen kuma yana tare iska. Wani dattijo Bature da ya shafe shekaru masu yawa yana noma a sama da ni ya yi mini barka, sannan ya ƙara da cewa a duk filin nan gefen da nake ne farar raɓa take fara sauka, kuma nan take daɗewa ba ta narke ba.

A tsakiyar watan Maris na shuka iri a cikin gida, a ƙananan tukwanen roba da na jera a bakin tagar da take kallon kudu. Na zaɓi Roma, wanda muka sani tun a gida kuma yake da tsoka mai kyau domin miya, da wani mai ƙananan 'ya'ya da ake kira Gardener's Delight wanda yake saurin nuna a ƙasar da zafinta gajere ne. Kowace fakitin iri ba ta wuce fam 3 ba, buhun ƙasar reno kuma ya ci kusan fam 6. Irin tumatir yana son ɗumi na kimanin digiri 18 zuwa 21 kafin ya tsiro, ɗakin zama kuma yana ba da wannan. Ranar 23 ga Maris aka sanar da dokar kulle saboda annobar korona, aka rufe shagunan sayar da kayan lambu, amma gwamnati ta bayyana cewa zuwa filin haya yana cikin motsa jikin da aka yarda da shi, kwamitinmu kuma ya liƙa sanarwa a ƙofa cewa a bar tazarar mita 2, a wanke hannu bayan taɓa kwaɗo da famfo, kada a yi aron kayan aiki. Watan Afrilun shekarar ya zo da rana irin wadda ba a saba gani ba, har hukumar hasashen yanayi ta Met Office ta ce ba a taɓa samun Afrilu mai yawan hasken rana kamarsa ba tun da aka fara ajiye lissafi. Tsiron ya yi ta tashi, ya cika tukwane, ya fara tsawo yana siririncewa yana karkata wajen gilashi. Daga ƙarshen Afrilu na fara saba masa da waje, ina fitar da shi bayan gida da hantsi in mayar da shi ciki kafin magariba, ina ƙara masa lokaci kaɗan-kaɗan. Wannan mataki yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, kuma tsiron da aka tsallake masa shi ko iska kaɗai tana iya ƙona masa ganye.

A makon farko na Mayu sai na tsaya a tsakanin shawara biyu. Ƙungiyar masana lambu ta Royal Horticultural Society tana cewa kada a dasa tumatir a waje sai haɗarin daskarewa ya wuce, wato wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, musamman a arewa. Dattijon nan ma ya ce shi nasa ba ya fita daga ɗakin gilashi na renon shuka sai watan ya ƙare. A ɗaya gefen kuma tsiron ya matse a tukwane, wasu sun fara fitar da fure, rana tana dukan ƙasa, mutane da yawa a filin sun riga sun dasa wake da kabewa da tumatir. Na buga wa yayana waya, wanda yake noman rani a gida, na kwatanta masa. Ya ce, "Kai dai dasa abinka, tumatir da ya tsufa a wurin reno ba ya yin albarka, sanyi kuwa ai abincinsa ne." Na ce, "Yaya, sanyin nan ba irin namu ba ne, ruwa ne yake zama dutse a cikin bokiti." Ya yi shiru, sannan ya ce to in raba ƙafa. Haka na yi. Na dasa tushe 12 a komi biyu, na bar sauran a gida na sauya musu manyan tukwane. Muna cikin azumi a lokacin, domin Ramadan ya kama ranar 24 ga Afrilu, saboda haka da yamma nake aikin, in binne kara har zuwa ganyen farko domin ya fitar da ƙarin saiwa, in kafa gora kusa da kowane tushe.

Ranar Juma'a 8 ga Mayu hutu ce ta cika shekara 75 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, kuma ita da Asabar ɗin da ta biyo baya an yi zafi sosai, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu da riguna marasa hannu. A ranar Asabar ɗin ne masu hasashen yanayi suka fara gargaɗin cewa iska mai sanyi daga yankin Arctic, can ƙarshen arewacin duniya, za ta sauko. Ranar Lahadi kuwa ta iso da ƙarfi daga arewa, zafin rana ya faɗi warwas, har sai da aka koma sa rigunan sanyi. A daren ban ga daskarewa a wurinmu ba, domin iska tana kaɗawa, amma ta wahalar da dashen, ganye ya yi laushi ya lanƙwashe. Da safiyar Litinin 11 ga wata na duba wayata, hasashen ya nuna cewa da dare zafi zai sauka zuwa digiri 2 ko 3. A nan ne ruɗanin yake, kuma shi ne babban dalilin wannan rubutu. Duk wanda ya ga 2 ko 3 zai ce ai bai kai sifili ba, ruwa ba zai daskare ba, babu abin tsoro. Dattijon ne ya warware mini daga nesa, yana tsaye a bakin fulotinsa. Ya ce lambar da ake sanarwa zafin iska ce da ake aunawa a cikin akwati a sama da ƙasa da fiye da mita ɗaya, sau da yawa kuma hasashen na cikin gari ne inda gine-gine suke riƙe ɗumi. A daren da sama ta yi garau babu girgije, iska kuma ta kwanta, ƙasa da ganye suna sakin zafinsu kai tsaye zuwa sama, sai fuskar ƙasa ta fi iskar da ke bisanta sanyi da digiri da dama. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka takan gangaro ta taru a kwari, shinge mai kauri kuma yakan tare ta ya hana ta wucewa. Shingen da na yi murna da shi ke nan. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce iskar za ta faɗi kafin dare, in rufe duk abin da nake so in gani da rai gobe.

Abin da aka saba rufewa da shi wani farin mayafi ne mara nauyi da ake yi musamman domin shuka, wanda iska da ruwa da haske suke ratsa shi. Ana sayar da shi bisa nauyi, akwai mai giram 17 a kowane murabba'in mita, akwai mai giram 30 wanda ya fi kauri. Ba ni da shi, shagunan kayan lambu kuma suna rufe. Na tafi wani babban shagon kayan gini da aka bari ya buɗe, na bi layi a filin ajiye motoci, kowa a kan alamar da aka zana a ƙasa, ana shigar da mutane kaɗan-kaɗan. Na daɗe a tsaye cikin iska da azumi a bakina, da na shiga kuma na tarar da wurin mayafin wayam, ma'aikacin ya ce tun safe aka kwashe. Masu sayarwa ta intanet ba za su kawo ba sai bayan kwanaki. Na koma gida raina a jagule. Maiɗakina ce ta buɗe akwati ta fito da tsofaffin zannuwan gado da wasu zannuwan atamfa da ta daina ɗaurawa, ta ce, "Maigida, ɗauki waɗannan, in sun yi datti a wanke." Muka haɗa da jaridu, da kwalaye, da bokitai biyu, da robobin ruwa na lita 2 da na madara da muka tara domin masu kwasar shara.

Na isa filin da la'asar, kuma tsarin aikin yana da muhimmanci, don haka zan faɗe shi dalla-dalla. Da farko na janye busasshiyar ciyawar da na shimfiɗa a gindin dashen, domin tana hana rana ɗumama ƙasa da yini, tana kuma hana ɗumin ƙasa tasowa da dare. Sannan na yi ban-ruwa a gindi, ban jiƙa ganye ba. Wannan yakan ba mutane mamaki, suna ganin ruwa zai ƙara sanyi, alhali ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe zafi da sakinsa a hankali cikin dare. Sharaɗin shi ne a yi tun da sauran rana, ba da magariba ba. Na cika robobin da ruwan ɗumi da na zo da shi daga gida a jarka, na jera su kusa da kowane tushe, domin ruwa yana daɗewa bai huce ba. Ƙananan tushen na kifa musu bokiti ko kwali na ɗora bulo a kai. Manyan kuwa na kafa gajerun gorori a kewaye, na ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, na kifa gwangwani a kan kowace gora domin kada ta huda zane, sannan na shimfiɗa zannuwan a kai kamar rumfa, na ninka biyu inda ya yiwu da jarida a tsakani. Abu biyu na kula da su sosai. Na farko, kada zane ya taɓa ganye, domin inda ya taɓa sanyi yana ratsawa kai tsaye. Na biyu, gefen zanen ya sauka har ƙasa ta kowane ɓangare, a danne shi da bulo da katako. Zane ba ya samar da zafi, aikinsa kawai ya tsare ɗumin da yake tasowa daga ƙasa, saboda haka wanda ya naɗe kan shuka ya ɗaure a wuyan kara ya raba ta da abin da zai cece ta. Na gama tun rana ba ta faɗi ba, domin a tare ɗumin yini a ciki. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a Leeds sai wajen ƙarfe 9 na dare, don haka na sami komawa gida kafin buɗa-baki. Ina fita daga filin na lura iskar ta kwanta ɗif, sama kuma ta washe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Masallatai suna rufe, a gida muke tarawihi, ina sallah hankalina yana komawa gindin shinge. Da muka tashi sahur wajen ƙarfe 3 na leƙa ta taga, taurari sun fito tar, gilashin motocin da ke kan titi ya fara yin fari. Wannan alama ce da ba ta ƙarya, domin idan gilashin mota ya daskare a cikin unguwa, to fili a buɗe ya fi haka. Sanyi yakan fi tsanani ne dab da fitowar rana, ba da tsakar dare ba, saboda ƙasa tana ta asarar zafi har sai rana ta dawo. Bayan sallar asuba na sa babbar riga na tafi da tocila. Tun daga ƙofa ciyawa take ƙara a ƙarƙashin takalmina. A saman gangaren farin kaɗan ne, amma ina sauka yana ƙaruwa, a fulotina kuwa komai ya yi fari fat, ruwan da ya rage a butar ban-ruwa ya yi ɓawon ƙanƙara, zannuwan sun sandare. Na ɗaga gefe ɗaya kaɗan na haska, na ga ganye kore a miƙe, na sa hannu na ji iskar ciki ba ta da cizon ta waje. Na mayar na danne, na yi hamdala. Ban buɗe ba sai da rana ta hau, farin ya narke daga ciyawa, domin ganyen da ya sha sanyi idan rana ta buge shi farat ɗaya ɓarnar tana ƙaruwa.

Da na yaye zannuwan na ga sakamakon. Yawancin dashen lafiya lau. Tushe uku da suke can ƙarshe, mafi kusa da shinge, inda zanen ya jiƙe da raɓa ya yi nauyi ya sauko ya kwanta a kansu, kawunansu sun yi duhu sun yi yaushi kamar alayyahon da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Abin da yake faruwa shi ne ruwan da ke cikin ganye yana daskarewa, ƙanƙarar ta lalata ƙwayoyin halittarsa, idan ta narke sai ganyen ya zube. Tumatir asalinsa daga yammacin Kudancin Amurka yake, ba shi da wata kariya daga wannan. Na zaga filin a hankali, abin da na gani kuma ya sosa mini rai. Ganyen dankalin Turawa ya yi baƙi a fuloti da yawa, wake mai hawa sanda da kabewa sun kwanta. Wata mata da ta rufe tumatirinta da leda kai tsaye a kan ganye ta rasa shi duka, domin leda siririya ba ta tsare sanyi inda ta taɓa, gumi kuma yana taruwa a cikinta ya daskare. Ta tsaya tana kallo ba ta ce komai ba, ga shi dokar tazara ta hana a matsa kusa a ba ta haƙuri yadda ya kamata. Albasa da tafarnuwa da kabeji kuwa ko a jikinsu.

Sanyin bai tafi a dare ɗaya ba. Tun da shawarar hukuma a lokacin ita ce fita motsa jiki sau ɗaya a yini, sai muka raba aikin, ni in je da safe in buɗe in shanya zannuwan a kan igiya, maiɗakina ta je da yamma ta rufe. Shanyawar wajibi ce, domin jiƙaƙƙen zane ba ya tsare ɗumi kamar busasshe, buɗewar ma wajibi ce, domin dashen yana bukatar haske kuma ƙasa tana bukatar rana ta sake ɗumama ta. Ranar Laraba 13 ga Mayu aka ba shagunan kayan lambu a Ingila izinin buɗewa, aka kuma ɗage iyakar fita motsa jiki. Na je da wuri na tarar da dogon layi, yawancinsu masu neman abin da nake nema ne ko masu neman sabon dashe a madadin wanda ya mutu. Na sami mayafin mai giram 30, na ƙara da ma'aunin zafi mai ajiye mafi ƙanƙantar lambar da aka kai cikin dare, duka biyun ba su kai fam 25 ba. Mayafin ya fi zane sauƙin aiki nesa ba kusa ba, ba shi da nauyi, yana saurin bushewa, ana iya barinsa da yini idan garin da sanyi. Amma kariyarsa kimanin digiri 2 ce kawai, saboda haka a daren nan na ninka shi biyu na kuma ɗora zanen gado a bisa. Na ajiye ma'aunin a kan ciyawa a wajen rumfar. Da safiyar Alhamis ya nuna an sauka ƙasa da sifili, alhali wayata ba ta taɓa nuna hakan ba. A wannan safiya ce aka ba da labarin cewa a Katesbridge da ke Ireland ta Arewa an kai kusan digiri 6 ƙasa da sifili, masu gonakin inabi a kudancin Ingila ma sun yi asara a makon. A ƙarƙashin rufin babu abin da ya sami dashena.

Tushe ukun da suka ƙone ban taɓa su ba sai da aka yi kwanaki, bisa shawarar dattijon, domin a rana ta farko ba a gane iyakar ɓarnar, mataccen ganyen kuma yana ɗan kare abin da ke ƙasansa idan sanyi ya dawo. Da yanayi ya daidaita na matsa karan kowanne da yatsa. Ɗaya ya yi ruwa-ruwa har gindi, na tuge shi. Biyu kuwa karansu yana da ƙarfi kuma kore ne daga tsakiya zuwa ƙasa, sai na yanke mataccen kan da almakashi mai tsabta a saman ganye mai rai. Tumatir yana fitar da toho a hammatar kowane ganye, wanda a al'ada ake cirewa, sai na bar mafi ƙarfi ya zama sabon kai na ɗaure shi a gora. Ban zuba taki ba sai da na ga sabon ganye ya fito. Har waɗanda ba su ƙone ba sun nuna alamar wahala, bayan ganyensu ya koma ruwan shuɗi mai ja-ja, suka tsaya cak ba sa girma, domin a ƙasa mai sanyi saiwa ba ta iya jan sinadarin fosforas yadda ya kamata. Wannan launi ya tafi da kansa da ƙasa ta ɗumama.

An yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi 24 ga Mayu, a cikin makon da ya biyo baya na dasa waɗanda na ajiye a gida, na kuma kai wa matar nan da ta rasa tumatirinta wasu daga ciki na ajiye mata a bakin fulotinta. Abin da na gani daga baya shi ne ya fi komai tsaya mini a rai. Dashen ƙarshen Mayu, wanda bai taɓa kwana cikin sanyi ba, ya shiga ƙasa mai ɗumi ya kama nan da nan, kafin ƙarshen Yuni ya kamo na farkon, wasu ma suka wuce shi. A watan Agusta kusan tare suka fara nuna. Biyun da aka yanke wa kai sun yi 'ya'ya, amma a makare kuma kaɗan. Ke nan makonnin da na farkon ya riga shiga ƙasa ba su ƙara masa komai ba, domin tumatir ba ya girman kirki muddin dare yana sauka ƙasa da digiri 10.

Saboda haka ra'ayina a yau shi ne mazaunin arewacin Ingila ya jinkirta shuka iri zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, domin matsin da yake tura mutum ya yi dashe da wuri daga bakin taga yake farawa, lokacin da tsiro ya girma ya rasa wurin zama. Idan ya riga ya girma, sauya masa babbar tukunya ya fi fitar da shi. Zafin rana a Afrilu ko farkon Mayu ba hujja ba ce, hasali ma ranakun da sama take garau su ne suke zuwa da darare masu haɗari. Ranar da ta dace ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kudu da bakin teku da tsakiyar manyan birane suna riga arewa da ƙauyuka da kwari fita daga haɗari, har a cikin fili ɗaya ma saman gangare da ƙasansa ba ɗaya ba ne. Wanda ya daɗe yana noma a wurin ya fi kowace manhaja sanin wannan, kuma tambayarsa ba ta cin ko kwabo.

Wanda kuma ya riga ya dasa, ya sayi mayafin tun ranar da ya sayi iri, domin ranar da aka yi gargaɗi ba a samunsa. Ya riƙa duba hasashen dare, ba na yini ba, kuma duk lokacin da ya ga digiri 4 ko ƙasa da haka tare da sama garau da iska a kwance, ya rufe ba tare da jiran a ambaci daskarewa ba. Idan leda kaɗai gare shi, ya ɗora ta a kan zane ko a kan sanduna yadda ba za ta taɓa ganye ba, ya kuma cire ta da zarar rana ta fito, domin a ƙarƙashinta zafi yana taruwa da sauri ya dafa shukar. Kada a kunna kyandir ko fitilar kananzir a ƙarƙashin zane ko mayafi a bar wurin, domin dukansu suna kamawa da wuta. Wanda tumatirinsa yake cikin tukwane ko buhunan reno a bayan gida aikinsa ya fi sauƙi, ya ɗauke su ya shigar da su kicin ko gareji da yamma ya fitar da su da hantsi. A kowane hali a bar wasu tushe a cikin gida har watan Mayu ya fita, domin idan aka rasa na waje a tsakiyar watan, sake shuka iri daga farko ba zai ba da lokacin da 'ya'ya za su nuna kafin sanyin kaka ya dawo ba, sayen dashe a shago kuma a irin wannan mako sai wanda ya riga zuwa.